Kada Girman Kaska Ya Ruɗe Mu

Duk wanda ya ratsa ƙasar Shanga da damina ya ga makiyaya sun kayar da saniya suna cire mata kaska da hannu. Aiki ne mai kyau, amma muna ganin akwai gyara. Manyan da ido ke gani su ake cirewa, a bar ƙanana, a ce an gama.

Bari mu duba yadda kaskar nan mai zane-zane a baya da ƙafafu ke girma. Sau uku takan hau dabba a rayuwarta. Da fari takan fito daga ƙwai da ƙafa 6, ba ta kai ƙwayar gero ba. In ta sha jini sai ta faɗo ƙasa ta sake fata, ta zama mai ƙafa 8, ta nemi wata dabba. A hawa na uku ne tamatar kan kumbura har ta kai ƙwayar gurjiya, ta faɗo ta zuba ƙwai dubbai. Namijin kuwa ba ya kumbura haka.

To, ga inda hatsarin yake. Ciwon nan da ke tara ruwa kewaye da zuciya, har dabba ta riƙa juyi ta faɗi, ƙaramar ce ke kwaso shi daga jinin marar lafiya, ta kai wa mai lafiya bayan ta sake fata. Manya kan yawaita da damina, lokacin da kirci ke tsananta, amma ƙanana da rani suke yawa. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, bakin tafkin daga Ngaski zuwa Yawuri ya zama matattarar garkuna da rani. Watau shanu na cuɗanya daidai lokacin da kaskar ta fi wuyar gani. Ashe ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Saboda haka muna kira ga malaman ofis da malaman makaranta, ku da talakawa ke jin maganarku, ku bayyana wa makiyaya abu uku. Na ɗaya, a riƙa duba kunnuwa, da tsakanin kofato, da hantsa, da gindin wutsiya, rani da damina. Na biyu, kaskar da aka cire a jefa ta wuta, gama wadda aka yar a ƙasa shuka aka yi. Na uku, kada a tsarma maganin feshi fiye da yadda malamin dabbobi ya faɗa don neman sauƙi, domin haka ke sa kaska ta daina jin magani.

Saniya ita ce asusun talaka. Lalle bai kamata abin da bai kai ƙwayar gero ba ya raba shi da ita.