Kafin Mu Kai Yaro Koyon Faɗa, Mu Fara Duba Malamin



A unguwarmu ta Badariya, nan Birnin Kebbi, ba sabon abu ba ne yaro ya dawo makaranta da yagaggiyar riga, uwa ta ce a kai shi ya koyi karate don ya daina shan duka. Wani uban kuma ɗansa ne ya gagari kowa, sai ya ce a kai shi inda za a horar da shi. Buƙata biyu ce mabambanta, amma sau da yawa mukan tura yaran biyu wuri guda, don kawai mun ga hoton wani sanye da baƙin ɗamara. Ra'ayinmu shi ne, sunan wasa ba shi ne abin dubawa na farko ba. Malamin ake zaɓa, kuma da buƙatar yaron ake auna shi.

Mu ba baƙi ba ne a harkar gwada ƙarfi. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka soma a 1934, UNESCO kuma ta sanya shi cikin al'adun duniya a 2016, ba su kaɗai ake yi a cikinsa ba, har da kokawa da dambe. Maƙwabtanmu na Nijar tun 1975 suke gasar takobin kokawa ta ƙasa. Saboda haka tambayar ba wai ko ya dace yaro ya koyi kare kansa ba ce. Tambayar ita ce wane wasa, a hannun wa, kuma a wane shekaru.

Mu fara da dambe, tunda shi ne yaranmu suka fi kallo a waya. Dambe sana'ar manya ce: a naɗe hannu ɗaya da zare ya zama mashi, ɗayan ya zama garkuwa, a yi turmi uku ana neman kisa. Muna alfahari da shi, mun kuma san yadda waƙar Ɗan Anace ta ɗaukaka Shago. Amma naushin a kai yake sauka, kuma ƙwaƙwalwar yaro ba ta gama ginuwa ba. Ko damben Turawa da ake yi da safar hannu, ƙungiyoyin likitocin yara na Amurka da Kanada sun fitar da matsaya a 2011 cewa ba su goyon bayan yara su riƙa yin sa. Don haka ɗan shekara goma ya yi kallo, ya jira lokacinsa.

Kokawa ta fi kusa da abin da yaro ke buƙata. Babu duka a cikinta, sai riƙo da dabara da sanin yadda ake kafa ƙafa, kuma a kan yashi ake yin ta. Judo, wanda Jigoro Kano ya kafa a Japan a 1882, ɗan uwanta ne, kuma darasinsa na farko shi ne yadda mutum zai faɗi ba tare da ya ji ciwo ba. Wannan ya dace da yaro mai tsoro da wanda ake yawan turewa. Taekwondo da karate kuwa suna da jeri da tsari da maimaita motsi, sun fi karɓar yaro mai rawar kai wanda ke buƙatar koyon tsayawa wuri guda da bin umarni. Kuma hanyar tana kai mutum nesa: Chika Chukwumerije ya ciyo wa Nijeriya tagulla a taekwondo a gasar Olamfik ta 2008, Abdoul Razak Issoufou Alfaga na Nijar ya ci azurfa a 2016, ya zama zakaran duniya a 2017.

To, yaya za mu gane malamin kirki? Gani ya kori ji. Mu je da kanmu mu zauna daga farkon darasi zuwa ƙarshensa, ko a filin wasa na Haliru Abdu ne ko a harabar wata makaranta. Malamin da ya hana iyaye kallo ya riga ya ba mu amsa. Mu lura ko yana haɗa yara gwargwadon girma da nauyi, ko kuwa yana sakin babba a kan ƙarami da sunan cire tsoro. Mu duba abin da ake faɗuwa a kai: katifa ce, yashi ne, ko siminti? Mu ga abin da yake yi idan yaro ya yi kuka. Wanda ke horo da bulala da zagi, mugunta zai koya wa ɗanmu, kuma a kan ƙannensa zai fara gwadawa.

Akwai tambayoyin da bai kamata mu ji nauyin yi ba. A ina malam ya koya, kuma hukumar wasanni ta san da shi? Idan yaro ya bugu a kai, zai zaunar da shi ya kira mu, ko zai ce ya daure? Ana ba da hutun shan ruwa, musamman a zafin Maris da Afrilu? Idan ɗanmu yana da sikila ko asma, likita za mu fara gani kafin malam. Mu kuma tabbatar lokacin bai ci karo da Islamiyya da salla ba, kuma idan sunkuyawar gaisuwa ta dame mu, mu faɗa tun ranar farko. Wanda ya yi alkawarin baƙin ɗamara cikin wata shida kuwa, aljihunmu yake kallo.

'Ya'yanmu mata ma suna da haƙƙi a nan. Hedaya Malak ta Masar da ɗankwalinta ta ci tagulla a taekwondo a 2016. Sharaɗinmu shi ne a sami mace cikin masu koyarwa, ko uwa a zaune, kuma kada a bar yaro ko yarinya su kaɗai da malam a rufaffen ɗaki.

Wani zai ce mu da muka tashi muna kokawa a dandali, wa ya yi mana duk wannan bincike? Gaskiya ne, amma a dandali akwai manya da ke kewaye, sun san ɗan kowa, suna raba faɗa kafin ya ɓaci. Yau kuɗi muke biya mu miƙa yaro ga baƙo mu tafi kasuwa. Idon nan na unguwa shi ne ya zama wajibi mu maye gurbinsa.

Bayan wata uku mu auna sakamako a gida, ba a launin ɗamara ba. Yaron yana ɗokin zuwa? Ya rage tsokana? Yana iya kallon mai cin zalinsa ya ce masa bari, ya wuce? In haka ne, mun dace da malami.

Mu marubuta kuma, mun cika littattafanmu da jaruman da ke kayar da mutum goma. Ya kamata yaranmu su karanta labarin wanda ya iya faɗa amma ya riƙe hannunsa. Allah ya shirya mana zuriya.