Ina Hoton Sabo?

Muna ganin hotunan da matasanmu ke ɗorawa: Cocoa House, zauren Mapo, da rufin kwanon Ibadan daga hasumiyar Bower. Madalla. Amma ina na Sabo?

Tun 1916 aka kafa unguwar nan, ta bunƙasa da cinikin goro da shanu. Yau tsofaffin gidajen da fatake suka sauka suna zama shaguna, ba a bar ko hoto ba. Me za mu nuna wa jikoki?

Wayarku ta isa. Ku fita bayan la'asar, rana ta yi sanyi. Ku nemi izinin maigida tukuna, ku tambayi dattawa wanda ya gina, ku rubuta a ƙarƙashin hoton.

Allah Ya ba mu iko.