Gonar taka ce, amma ruwan kwari ba naka ba ne

Wani sabon yayi ya shigo karkara. Mutum ya samu kuɗi a Maradi ko Yamai, ya sayi gona, ya ɗauko injin haƙa, kwana biyu sai ga ƙaton rami. In ka tambaya, a ce Alhaji tafki yake so, zai yi garka da kiwon kifi.

Madalla. Mu ba mu ƙi tafki ba. Ƙasar da damina wata uku ce zuwa huɗu, duk wanda ya tare ruwan sama ya yi dabara. Abin da muka ƙi shi ne wurin da ake haƙawa, da yadda ake yi ba a tambayi kowa ba.

Mai injin ya san inda ruwa ke bi, sai ya nufi tsakiyar kwari ya datse shi da tulin ƙasa. Ruwan nan tun kaka da kakanni yake gangarawa fadamar mutanen ƙasa, ya cika tafkin gari inda dabbobi ke sha. Bana ba zai iso ba. Mi za su ce? "Gonata ce, da takarda." To Alhaji, takardarka ta gona ce. Dokar ruwa ta 2010 ta sa koramu da tafkunan Allah cikin dukiyar jama'a. Dokar kiwo ta wannan shekarar kuma ta tabbatar wa makiyayi haƙƙin yawo da dabbobinsa. Amma sai ka ga an ja waya har ta cinye burtali. Garken da aka toshe wa hanya, ta ina zai bi in ba ta cikin hatsin wani talaka ba? Mu mutanen jihar Maradi ba mu manta Toda ba, 1991, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rai fiye da ɗari.

Abin dariya, da yawa ma asara suke yi. A haƙa a jigawa, ba laka, ba leda a ƙasa, yashi ya shanye. Wanda ya riƙe ruwa kuwa, in faɗi ne da shi ba zurfi, rana da iska su gama da shi, don a nan suna ɗauke sama da mita biyu a shekara. Kafin bazara sai taɓo.

Sannan gefen ramin a miƙe kamar bango, ba gangare, ba shinge ta wajen gari. Yaron da ya zame ba ya da inda zai dafa. Mai gona yana birni. Ɗiyan maƙwabta ne ke wanka ciki, su kwaso tsargiya, sauro kuma ya samu gida kusa da ɗakunansu.

Tun dokar karkara ta 1993 aka shimfiɗa hukumomin kula da filaye, Kofo, yau har matakin gari akwai su, maigari ne shugaba. To ina suke lokacin da injin ya iso? Muna kira ga magadan gari da sarakunanmu: kada a bar inji ya taɓa ƙasa sai Kofo ta taka wurin, da wakilin makiyaya, da masu gonakin da ke ƙasan kwarin. Wanda kuma ya riga ya datse, a sa shi ya buɗe wa ruwa hanya kafin ruwan farko ya sauka.

Masu tafkuna, in kuna ganin mun zalunce ku, ku kira mu a layi, za mu ba ku lokaci.