Aljanu sun ajiye gadi, wa zai karɓa?

Wanda ya dubi gonakin ƙasar Ailan daga sama zai ga wasu da'irori a tsakiyar filaye, ƙaya ta lulluɓe su, garma ta kewaye su ba ta taɓa ba. Kufan gidajen manoma masu shanu ne, akasarinsu an gina su tsakanin shekarar 600 da 900 Miladiyya. Maigida yakan haƙa gwalalo, ya tula ƙasar ta zama 'yar ganuwa mai faɗin kamar mita 30, ya kwana ciki da iyalinsa da dabbobinsa saboda ɓarayin shanu da kyarketai. Wajen 45,000 aka ƙidaya a tsibirin. Fiye da shekara dubu ba hukumar da ta sa musu ido, tsoro ne ya yi gadinsu. Mutanen karkara sun ɗauke su mazaunin aljanu, suna cewa wanda ya sare ko reshe ɗaya a ciki, in shanunsa ba su mutu ba, to ciwo zai kwantar da shi.

Wannan gadi na kyauta ya kusa ƙarewa. Bayan Ailan ta shiga ƙungiyar kasuwar Turai a 1973, kuɗin tallafin gyaran gona ya shigo, katafila ta biyo baya, direbanta kuwa ɗan kwangila ne da ba kakarsa ce ta ba shi labarin wurin ba. Dubban kufan da ke cikin taswirar da aka zana a shekarun 1830 yau babu ko alamarsu. Doka kam akwai ta tun 1930, kuma gyaran 1994 ya wajabta wa mai gona ya sanar da hukuma a rubuce wata biyu kafin ya yi aiki a irin wannan wuri. A 2012 kotu ta ci wani manomi a gundumar Kerry tarar Yuro 25,000 saboda ya baje wani kufai. Sai dai tara ihu ce bayan hari. Abin da nake gani ya fi shi ne gwamnati ta riƙa biyan manomi kuɗi tsayayye duk shekara, ba na wani shirin tallafi da zai ƙare bayan shekara biyar ba, ya killace wurin, ya hana shanu tattake gindin ganuwa lokacin da ƙasa ta jiƙe.

Wasu za su ce me ya sa za a biya mutum don ya bi doka? Ai ƙasar tasa ce, ya gada ko ya saya, kuma an hana shi noman wani yanki nata don amfanin kowa. In amfanin na kowa ne, bai kamata asarar ta zama tasa shi kaɗai ba. Masu cewa kufan sun yi yawa, rasa ɗari ba komai ba ne, su ma suna da ɗan abin kamawa, domin daga waje duk kamanninsu ɗaya. Amma daga waje ne kawai. A Deer Park Farms da ke gundumar Antrim, haƙar da aka yi a shekarun 1980 ta tarar da ƙasa mai danshi ta adana ɗakuna na saƙaƙƙun tsumagu, bango biyu-biyu da ciyawa cushe a tsakani don maganin sanyi, har da shimfiɗar kwanciya da guntayen takalman fata. Kafin a sa shebur, ba wanda zai iya bambanta wannan tudu da na gonar maƙwabci, kuma katafila takan gama da irinsa kafin azahar.