Sefti ba gidan ritaya ba ne, ku daina tura kowane tsohon konabak can

1/ Jama'ar NFL, ku matso kusa, yau da magana. Duk lokacin da wani yaro ya tsere wa tsohon konabak sau biyu a wasa ɗaya, sai ka ga mutane sun fito: "A mayar da shi sefti kawai." Wannan maganar ta ishe ni. Ga zare 🧵

2/ Ga waɗanda ba su daɗe da fara kallon ƙwallon Amurka ba: konabak shi ne mai tsaron gefe, yana tsayawa gaba da gaba da risiba, wato mai cafke ƙwallo. Sefti kuma yana can baya, yadi goma zuwa sha biyar daga layi. Idan aka wuce shi, shi ke nan, an ci ku.

3/ Aikin konabak aikin ƙafa ne da ƙugu. Yana gudu da baya-baya, yaron da yake bi yana gudu gaba, kuma yaron ya san inda za shi, shi bai sani ba. Doka ma ta hana shi tare yaron da hannu idan sun wuce yadi 5 daga layi. Rabin taku ya ragu a ƙafarka, kowa a filin zai gani.

4/ To da shekara ta haura 30, wannan rabin takun ne ke fara tafiya. Shi ya sa mutane ke ganin mafita a bayyane take: a ja shi baya, a ba shi fili, ƙwaƙwalwa ta biya bashin ƙafa. A baki kam abin da daɗin ji.

5/ Kuma na san sunayen da za ku jefo min. Rod Woodson. Charles Woodson. Ronde Barber. Ba na musun ko ɗaya. Amma ku tsaya mu duba abin da ya sa su suka yi nasara, don a nan ne maganarku ke rushewa.

6/ Rod Woodson ya yi shekara goma yana konabak a Steelers, ya zama gwarzon mai tsaron baya na 1993. Ya koma sefti a Ravens a 1999 yana da shekara 34. A shekarar ya ƙwace ƙwallo 7 a sama, babu wanda ya fi shi a duk gasar.

7/ Shekarar da ta biyo baya yana cikin tsaron Ravens da maki 165 kacal aka ci su a wasa 16, suka ɗauki Super Bowl. A 2002 yana Raiders, yana da shekara 37, ya ƙwace 8. Ya ajiye takalmi da 71. Wannan ba mutumin da aka ɓoye a baya don a rufa masa asiri ba ne.

8/ Charles Woodson kuwa, tun kafin Packers su kira shi sefti a 2012, ya daɗe yana wasa a ciki kusa da layi. Yana kai wa kwatabak hari, yana kayar da masu gudu da ƙwallo, yana fizge ƙwallo daga hannun mutane. Da irin wannan wasan ya ci gwarzon mai tsaron baya na 2009.

9/ Wato rabin aikin sefti dama yana yin sa, suna ne kawai aka canza masa. Shi ya sa ya koma Raiders a 2013 ya ƙara kaka uku, har a Oktoban 2015, yana da shekara 39, ya ƙwace ƙwallon Peyton Manning sau biyu a wasa ɗaya.

10/ Ronde Barber ma haka. Shekara 16 a Buccaneers, ya ƙwace ƙwallo 47, ya kayar da kwatabak sau 28. Konabak fa! Mutumin da ya saba shiga cikin ƙarti yana dukan mutane. Da aka mayar da shi sefti a 2012 yana da 37, ba baƙon wuri aka kai shi ba.

11/ Kun ga abin da ya haɗa su ukun? Duka suna son karo, duka suna karanta kwatabak, kuma duka suna cikin Hall of Fame yanzu. Ku kuma kuna ɗaukar mutum uku da ba a samun irinsu sai an daɗe, kuna mayar da su doka ga kowane ɗan shekara 33 da gwiwa ta fara ƙara.

12/ Bari in faɗa muku abin da sefti ke yi, tunda wasunku sun ɗauka zama yake a baya yana shan iska. Na farko, shi ke kayar da mutum idan kowa ya kuskure. Ranin bak mai kilo 100 ya fasa layi yana tahowa da gudu, kai kaɗai ne tsakaninsa da maki shida.

13/ Mutumin da ya yi shekara goma yana tura yara waje a bakin layi, yau ka ce ya tari wannan ƙaton a tsakiyar fili? Da kafaɗar ɗan shekara 34? Shi kansa Charles Woodson a kakarsa ta farko a sefti sai da ƙashin wuyansa ya karye, wasanni da yawa suka wuce shi, Packers suka sallame shi a farkon 2013.

14/ Na biyu, ido. Konabak mutum ɗaya yake kallo, ƙugunsa da ƙafarsa. Sefti yana kallon kwatabak, yana kallon risiba biyu ko uku, yana lura da ko gudu za a yi ko jifa, duk a daƙiƙa biyu. Kuma shi ke ihu yana gaya wa sauran inda za su tsaya kafin a fara.

15/ Na uku, wannan ne ma ya fi ba ni dariya: wai sefti ba ya buƙatar gudu. Faɗin filin yadi 53 ne da ɗoriya. Idan ƙungiya ta bar sefti ɗaya a tsakiya, dole ya kai ɗauki dama da hagu kafin ƙwallo ta sauko. Ƙafar da ta gaza a gefe ba za ta warke don an matsar da ita tsakiya ba.

16/ Bambancin ma shi ne, konabak idan ya makara sefti zai iya rufa masa. Sefti idan ya makara, wa zai rufa masa? Alƙalin wasa ne kawai a bayansa, shi kuma hannu zai ɗaga sama.

17/ Ku tuna Darrelle Revis. A 2009 babu risibar da ke son haɗuwa da shi, har aka sa wa gefensa suna tsibiri. A 2016 a Jets, yana da 31, yara suka fara wuce shi, aka yi ta surutun a mayar da shi sefti. Ba a yi ba. Jets suka sallame shi, ya ɗan taɓa Chiefs, ya yi ritaya a 2018.

18/ Wasu har yau suna cewa Jets sun yi wauta. Ni ban yarda ba. Gwanintar Revis ita ce manne wa mutum ɗaya kamar kaska. Ka cire shi daga wannan, ka jefar da abin da ya sa ya zama Revis, ka ba shi sabon aiki ya fara koya a lokacin da jiki ke neman hutu.

19/ Deion Sanders ya dawo wasa a Ravens a 2004 yana da 37, kuma ba sefti ya zama ba, ƙarin konabak ya zama da ake sakowa lokacin jifa. Kowa ya san karo ba abincinsa ba ne. Darrell Green ya yi shekara 20 a Washington yana konabak har ya kai 42, don gudunsa bai tafi ba. Kowa da hanyarsa.

20/ Ku masu kallon ƙwallon Turai kun fi kowa sanin wannan. Maldini ya bar gefen hagu ya koma tsakiya, ya buga har shekara 40 a Milan. Shin don haka duk lamba uku da ya tsufa sai a mayar da shi lamba biyar? Ko kocin ƙungiyar unguwa ba zai yarda ba.

21/ Sai maganar lokaci. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ronnie Lott ya koma sefti a 49ers a 1985 yana da ƙuruciyarsa, a 1986 ya ƙwace ƙwallo 10. Devin McCourty ya koma a 2012 a Patriots yana ɗan 25, ya yi shekara goma a wurin.

22/ Idan ƙungiya da gaske take, tun ƙafar na nan za ta fara koya masa, a ba shi atisayen bazara gaba ɗaya ya saba da sabon wurin. Jira har sai an kunyata shi a watan Nuwamba, sannan a ce ranar Lahadi kai ne sefti, wannan neman wanda za a ɗora wa laifi ne.

23/ Akwai kuma kuɗi, wanda ba kwa son a taɓo. A kasuwar NFL konabak ya fi sefti tsada. Da zarar an canza maka suna, kwantiraginka na gaba ya sauka. Wani lokacin "muna son mu tsawaita masa wasa" na nufin "muna son mu rage masa albashi ba tare da rigima ba".

24/ Kuma wa ke biyan kuɗin gwajin? Yaron da ya yi shekara huɗu a jami'a yana koyon sefti, an ɗauko shi, ya iya aikin, sai a ajiye shi a benci don a lallashi mai babban suna. Ƙungiya ta rasa konabak, ta kuma rasa sefti na gaske.

25/ Kar wani ya juya min magana: ban ce komawa sefti wulaƙanci ba ne. Ga wanda ya dace da shi, ƙarin girma ne, ai kun ga abin da su Woodson suka yi. Raini shi ne a ɗauka wurin juji ne da ake zuba duk wanda ya gaji.

26/ Don haka kafin ka sake rubuta "a mayar da shi sefti", amsa min uku. Yana kayar da mutum a buɗaɗɗen fili? Ya taɓa wasa a ciki yana kallon kwatabak? Yana da sauran gudun da zai kai gefe daga tsakiya? Idan ɗaya ta zama a'a, ka bar maganar.

27/ Wani tsohon a rage masa wasa, a riƙa sako shi lokacin jifa. Wani kuma a yi masa bankwana cikin mutunci tun mutane na tuna shi da alheri. Wanda ke da sunan konabak da ya koma sefti bayan 33 ya yi fice ba tare da ya iya karo ba, ya ajiye min a ƙasa, ina jira.