Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnoni da Ministan Abuja Kan Liftar Benaye

Masu girma,

Ranar 1 ga Agusta 2023, lifta ta rikito da wata matashiyar likita a masaukin likitoci na Babban Asibitin Odan da ke Legas, rai ya yi halinsa. Abokan aikinta sun ce sun daɗe suna kai kuka kan wannan lifta, kuma nan ne abin takaicin yake, domin lifta ba ta faɗuwa haka siddan. Tun 1854 Elisha Otis ya nuna wa jama'a a birnin New York birkin da ke cafke akwatin lifta ko da igiya ta tsinke. Liftar zamani kuwa igiyoyin ƙarfe da dama ke riƙe da ita, akwai na'urar da ke danne birki da zarar gudu ya wuce kima, ƙofar bene kuma ba ta buɗuwa sai akwatin ya iso. Kafin a kai ga asarar rai, sai an bar waɗannan matakai sun lalace ɗaya bayan ɗaya, ana gani ana kau da kai.

Roƙona shi ne ku kafa dokar duba kowace lifta duk wata shida, kamar yadda dokar Birtaniya ta 1998 ta tanada a wuraren aiki. Mai duban ya zama injiniya mai zaman kansa, ba ɗan kwangilar da ke gyaran ba, don ba a ba kura ajiyar nama. A manna takardar shaida a cikin akwatin, liftar da ta gaza kuma a garƙame ta nan take, ko da a sakatariyar gwamnati ce.

Za a ce kuɗi, kayan gyara daga waje ake sayo su. Haka ne, amma mai ginin da ya iya sayen lifta ba zai kasa biyan mai dubawa sau biyu a shekara ba. Wasu za su ce ajali ne. Mun yarda da ƙaddara, sai dai ba ta wanke wanda aka kai wa ƙara ya yi biris. A ƙasar da ake yawan ɗauke wuta, dokar ta kuma wajabta batirin da zai kai akwatin bene mafi kusa ya buɗe ƙofa. Idan babu shi, masu gadi kan ɓamɓare ƙofa su jawo mutane ta tsakanin benaye, kuma ta haka ne ake zamewa cikin ramin liftar.

Wassalam.