Albashi Da Riƙon Mota: Inda Tsimi Ke Komawa Haɗari

Tun daga ranar 29 ga watan Mayu 2023, sa'ad da Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, zancen mota ya sake salo a ofisoshin gwamnati. A da ƙaramin ma'aikaci yakan yi ta lissafin ranar da zai sayi tasa. Yanzu kuwa wanda ya riga ya saya shi ne a cikin zulumi, don bai tabbata zai iya riƙonta har ƙarshen wata ba.

Lissafin ba shi da wuya. A farkon shekarar 2023 farashin litar fetur na hukuma bai kai Naira 200 ba, watau cika tanki mai cin lita 50 bai kai Naira 10,000 ba, kimanin sulusin albashi mafi ƙanƙanta na lokacin, wanda yake Naira 30,000. A watan Yuli 2024 aka ɗaga wannan albashi zuwa Naira 70,000, amma kafin ƙarshen watan Oktoba na shekarar litar fetur ta haura Naira 1,000 a gidajen mai da yawa. Tankin nan guda ya koma Naira 50,000, fiye da kashi biyu cikin uku na sabon albashin. Gaskiya ne mai mota yakan ɗara wannan mataki a albashi, amma ƙarin da ya samu bai bi sawun farashin mai ba, balle na kayan gyara, waɗanda kusan duka da Dala ake shigo da su. Dalar da hukuma ke sayarwa wajen Naira 460 a watan Mayu 2023 ta zarce Naira 1,500 a cikin 2024.

To, mota ba ta tafiya sai da mai, saboda haka ba a nan ake tsimi ba. Ana yinsa ne a wuraren da ido ba ya gani nan da nan: taya, birki, baƙin mai da inshora. A nan ne batun aljihun ma'aikaci ya haɗu da batun rayukan jama'a a kan hanya.

Dattawan ma'aikata da suka yi ritaya suna tuna wani zamani dabam. Bayan ƙarin albashin Udoji, wanda aka biya a 1975 haɗe da ariyas, motoci suka cika tituna. A shekarar ce kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, Volkswagen kuma a Ikko, daga baya aka sami Steyr a Bauci, da masana'antar manyan motoci ta Fiat a Kano, da ta Mercedes a Inugu. Ma'aikacin da ya kai matsayi yakan karɓi rancen mota, ya sayi sabuwa dal, a riƙa cirewa daga albashinsa. Muhimmin abu a wannan tsari shi ne, motar tana zuwa da tarihinta a fili, kayan gyaranta suna nan a kanti, kuma kowane makanike daga Sakkwato zuwa Yola ya san cikin 504 kamar yunwar cikinsa.

Shirin gyaran tattalin arziki na 1986, a zamanin Janar Ibrahim Babangida, ya karya darajar Naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin albashi. Daga nan kasuwar tsofaffin motocin Turai ta buɗe, waɗanda ake kira tokumbo ko Beljiyam, yawancinsu ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa tun daga 1 ga watan Janairu 2017, amma hanin bai sauya irin motar da ma'aikaci ke iya saye ba. Hasali ma tsadar Dala ta tura mutane da yawa ga motar da ta riga ta yi shekaru a hannun wani a nan gida.

Mai sayen irin wannan mota yana sayen abin da bai san tarihinsa ba ne. Da yawa daga cikin motocin da ke fitowa daga Amurka an saye su ne a gwanjon kamfanonin inshora, bayan sun yi karo ko ambaliya ta shanye su. Ana buga bodi, a yi fenti, a mai da agogon da ke ƙirga tafiyar mota baya, sai ta fito fes a filin dillalai. Abin da fenti ke rufewa shi ne ƙarfen ƙasa da ya lanƙwashe aka miƙe shi da wuta, da kuma jakar iska da ta riga ta fashe ba a mai da wata ba. Akwai hanyar bincike. Kowace mota tana da lambar ƙira mai haruffa da alƙaluma 17, ana ganinta a gindin gilashin gaba ta wajen direba da kuma jikin ƙofa, kuma da ita ake binciko tarihin motar Amurka ta intanet a kan kuɗi kaɗan. Lalle ne lambar ta yi daidai da wadda ke kan takardar kwastan, gama motar da ba a biya mata kuɗin fito ba ana iya kama ta a hanya ko bayan ta sauya hannu sau uku. Dillalin da ya ƙi yarda mai saye ya zo da makanikensa ya riga ya faɗi abin da ke jikin motar.

Wajen gyara kuma akwai wata matsala wadda ba ta kuɗi kaɗai ba ce. Yawancin makanikan da ke gareji sun koyi aiki ne a hannun iyayen gida da suka ƙware a kan injin kafireto, alhali motocin yanzu kwamfuta ce ke sarrafa su. Wanda ba shi da na'urar binciken ciwon mota sai ya shiga canke, ya sauya wannan ya sauya wancan, mai mota na biya. Wasu al'adu ma sun zama kamar doka: a cire na'urar da ke daidaita zafin inji da sunan wai don ƙasar sanyi aka yi ta, a haɗa fanka kai tsaye, a zuba ruwan rijiya a lagireto. Injin da ba ya kaiwa zafin da aka tsara masa ya fi shan mai, ga shi kuwa man ne ake kuka da shi. A kasuwannin kayan gyara irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna ana samun abu guda iri uku, na asali, da na hannu, da jabu, kuma kwalinsu kan yi kama da juna. Idan jabun fitila ne, asarar ta kuɗi ce. Idan kayan birki ne, araha ba ta ado.

Amma babu inda tsimin nan ya fi muni kamar taya. Kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya bi baya a Ikeja a 2008, saboda haka farashin taya ya koma bin Dala sau da ƙafa. Dokar kwastan ta haramta shigo da tsofaffin tayoyin ƙananan motoci, amma ga su nan jibge a bakin titi a kowane gari. Wasu an yi su ne don ƙanƙarar Turai. Wasu an cusa su cikin juna a kwantena don a rage kuɗin dako, abin da ke karya wayoyin da ke cikin roba ba tare da an gani daga waje ba, kuma Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta sha kama irinsu.

Taya tana tsufa ko da ba a taɓa ɗaura ta ba, domin roba tana bushewa. Shekarunta a rubuce suke a gefenta, cikin alƙaluma huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan an ga 2319, an yi tayar ne a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana ɗaukar shekara huɗu daga ranar ƙira a matsayin wa'adin taya. Masu ƙera ta sukan ba da wa'adin da ya fi haka, amma ba su yi lissafinsu da kwaltar Arewa a watan Afrilu ba, lokacin da zafin iska kansa ke wuce digiri 40. Ga kuma batun iska. Adadin da ya dace da kowace mota yana manne a jikin ƙofar direba, amma mai faci yakan bi adadin da ya saba da shi, ko ya buga taya da ƙarfe ya saurari ƙara. Tayar da iskarta ta gaza tana yin zafi a doguwar tafiya har ta tsage, wadda aka cika fiye da kima kuma ba ta kama ƙasa sosai.

Wannan haɗari bai tsaya ga talaka ba. Ranar 6 ga watan Maris 2016 Ƙaramin Ministan Ƙwadago, James Ocholi, ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja, kuma binciken hukuma ya ta'allaƙa haɗarin a kan fashewar tayar baya da gudu. Motar da ke tafiyar kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, kuma idan gudu ya ninka, tazarar da birki ke bukata tana ninkawa sau huɗu. Dokar hanya ta ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 50 a cikin gari, 80 a manyan hanyoyi, 100 a tagwayen hanyoyi. Direban da tayarsa ta fashe ya danne birki da ƙarfi, yawanci shi ke kifar da motar da kansa. Riƙe sitiyari da sakin totur a hankali su ne abin yi.

Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a watan Fabrairu 1988 a ƙarƙashin shugabancin Farfesa Wole Soyinka, ta ce mutum 5,081 suka mutu a haɗurran mota a 2023, a 2024 kuma 5,421. Bai dace a ɗora wannan adadi duka a kan motocin ma'aikata ba, tun da ya ƙunshi waɗanda suka ƙone wajen kwasar mai daga tankokin da suka faɗi, da waɗanda tireloli suka zubar. Gudu ne hukumar ta fi ambata a matsayin sanadi. Sai dai gudu da lalatacciyar taya abokan tafiya ne, kuma bayan mota ta wuntsila ba kullum ake tsayawa a rarrabe wane ne ya fara ba. Akan ce tsautsayi ne, a yi jana'iza, a watse.

Inshora ma ta shiga sahun abubuwan da ake tsimi a kansu. Daga 1 ga watan Janairu 2023 kuɗin inshorar da doka ta wajabta wa ƙaramar motar gida ya tashi daga Naira 5,000 zuwa 15,000, diyyar dukiyar da aka lalata wa wani kuma ta tashi daga Naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. 'Yan sanda sun fara matsa tilasta ta daga 1 ga watan Fabrairu 2025. Duk da haka mutane da yawa suna sayen takarda ce kawai daga 'yan kamasho don su wuce shinge, sai ranar da suka daki motar wani su gane babu kamfanin da ya san da zamansu.

Laifin bai ƙare a kan masu motoci ba. A jihohi da yawa takardar shaidar lafiyar mota ta zama hanyar tara haraji, ana sabunta ta tare da sauran takardu ba tare da jami'i ya ɗora ido a kan motar ba. Tarar da ake ci a hanya ba ta sa wa kowa sabuwar taya. Gwamnatin da ta kafa hukumar ba da rancen kayan masarufi a 2024, ta kuma fara da ma'aikata, za ta fi tsare rayuka idan rancen ya haɗa da tayoyi huɗu da gyaran birki, maimakon ya tsaya ga sayen wata motar. Ƙungiyoyin adashi na ma'aikatu, waɗanda suka saba sayo shinkafa da sukari da azumi a raba wa 'yan ƙungiya bashi, suna iya yin haka da taya daga hannun wakilan kamfani.

Ɗalibai, waɗanda galibinsu ba su da mota, su ne ke cika motocin haya a farkon zangon karatu da ƙarshensa, kuma direban haya ya fi ma'aikaci shiga matsi, gama da wannan mota yake biyan balas, ya ci da iyali. Alƙaluman nan huɗu suna jikin tayarsa shi ma, ana iya karanta su a tasha kafin a biya kuɗin mota.